Gilashin da Ba Shi da Lamba

Baba Ɗigo ake ce masa a kamfanin fentin, har masu gadin ƙofa ba su san yana da wani suna ba. Waɗanda suka laƙaba masa kuwa ba su ci zalinsa ba. Shekara huɗu ke nan aikinsa ɗaya ne: ya ɗauki gilashi mai faɗin tafin hannu, ya ɗiga masa ruwa, ya ɗiga masa mai, ya karkata shi ya ga ko ɗigon zai gangara ya bar wurin a bushe. Ruwa kan gangara wani lokaci. Mai kuwa sai ya baje ya yi zamansa kamar gidan ubansa. Sai Baba Ɗigo ya jefa gilashin cikin bahon tina, wadda ke cinye shafin ta mayar da gilashin sabo, ya ɗauki na gaba.

Ɗakin gwajin yana can ƙarshen baranda, bayan inda ake loda jarkoki, inda warin fenti ke shiga mutum har cikin haƙora. Taga ɗaya ce, fanka ɗaya mai kuka, tandar lantarki mai kama da tsohon firji, sai wani bokitin roba a gindin taga da aka shuka gwaza a ciki. Dakta ce ta shuka. Ita ce shugabar ɗakin, ko da yake ɗakin daga ita sai shi, kuma a haife ya haife ta. Ranar da aka turo shi wurinta ta tsinko ganyen gwazar ta zuba masa ruwa, ruwan ya dunƙule ya yi ta yawo a kai, ya zube, ganyen ko laima bai yi ba. Ta ce masa ba santsi ne sirrin ba, wasu ƙananan ƙuraje ne a jikin ganyen da ido ba ya gani, su ke hana ruwan samun wurin zama. Ta ce akwai kuma wani mitsitsin ƙwaro a cikin ƙasa mai danshi wanda ko mai ba ya kama fatarsa. Abin da take so ta kwaikwaya ke nan: a samu ruwan shafi wanda in an shafa a bangon kicin, ko teburin asibiti, ko rigar makanike, ruwa da mai su riƙa wucewa ba ko sallama. A ranar ya yarda da ita ɗari bisa ɗari, har ya koma gida ya goge farar rigarsa ta aiki da kansa.

To amma yau da gobe ba ta bar komai ba. Duk Litinin Dakta kan haɗa sinadari iri arba'in, kowane a kwalbarsa da lambarsa, yadda aka haɗa shi kuma yana rubuce a littafi. Shi zai tsoma gilashi ɗaya a kowace kwalba, a gasa su a tanda kwana uku, ranar Alhamis ya gwada. Abin da ya rage a kwalaben kafin gari ya waye ya daskare kamar kitse, sai zubarwa. Dokar da ta kafa tun farko ita ce a karta lambar a jikin gilashin da wani alƙalami mai bakin lu'ulu'u kafin a tsoma. Ya bi dokar shekara uku cur, har wuyan hannunsa ya fara ciwo, babban yatsansa ya yi kanta. Sai wata rana ya sayi maka, baƙin alƙalamin nan mai kaurin baki, ya riƙa rubuta lambar bayan an tsoma shafin ya sha iska. Ba abin da ya faru. Da ya ga haka sai ya ƙara da wata dabarar: ranar Alhamis da safe, kafin ya sa safar hannu, yakan buɗe littafin ya jera "bai yi ba" sau arba'in daga sama har ƙasa, don kada ya yi ta cire safa yana mayarwa. A ransa ya ce in har wani ya yi, ai gogewa ba ta da wuya. Ba mugun mutum ba ne, kuma ba malalaci ba ne. Gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya maganinta.

Ita ma Dakta ba ta tsira ba. A da takan tsaya a kansa tana leƙen kowane ɗigo, tana cizon leɓe. Yanzu daga bakin ƙofa take tsayawa da jakarta a kafaɗa ta ce yaya, Baba, shi kuma ya ce kamar kullum, Dakta, ta gyaɗa kai ta wuce. A farkon watan nan Manaja ya turo takarda mai layi uku: ƙarshen wata za a rufe ɗakin gwajin a mayar da shi sito. Farin garin da ake haɗa sinadarin da shi, wanda daga ƙasar waje ake kawo shi, gwangwanin ƙarshe ne ya rage, kuma ba za a sake odarsa ba. Dakta ta karanta takardar ta ninke ta huɗu ta sa a ƙarƙashin ƙafar tebur, inda dama yake ɗingishi. Ranar Litinin ta haɗa arba'in ɗinta kamar ba a yi ba.

Ranar Alhamis ɗin, saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare, Baba Ɗigo ya cika littafinsa, ya kwaso gilasan daga tanda bibbiyu, uku-uku, ya zube su a tire yadda suka zo hannu. Yana cikin gwaji ya ci karo da wani da ba lamba a jikinsa. Ya yi tsaki, ya ce tsufa ya fara taɓa shi, ya tura shi gefe ya ci gaba. Ɗiga, karkata, jefa. Rediyonsa na ta surutu a kan tanda. Ko lambobin bai karanta ba, don me zai karanta, bakin alƙalami ya riga ya bushe tun da safe. Talatin da tara suka shiga baho, tina ta yi baƙi da tawadarsu.

Sai ya jawo na gefen don ya gama ya wanke hannu. Ya ɗiga ruwa, ruwan ya yi tsalle ya gangara. Wannan ba sabon abu ba ne. Ya ɗiga mai. Man ya tsaya a dunƙule kamar ƙwayar gero, yana rawa, kafin ma ya karkata gilashin sosai ya mirgina ya faɗa kan tebur. Ya ɗaga gilashin saitin taga, ba maiƙo ko na tsinin allura. Ya sake ɗigawa, ya sake, har sau bakwai. Ya ɗauko baƙin man inji da suke ajiyewa don ranar da ba su taɓa zaton za ta zo ba, shi ma ya wuce abinsa. Ya zaro makar daga aljihu ya ja layi a jikin gilashin. Tawadar ta tattaru ta zama ƙananan ɗigo, ya hura, suka watse. Nan ya gane bai manta da rubuta lambar ba. Ya rubuta ta ranar Litinin, shafin ne da ya gasu ya kakkaɓe ta.

Ya yi kan bahon da gudu ya tsoma hannu har gwiwa. In ya karanta lambobin talatin da taran nan, wadda babu ita ce tasa. Ya ciro ɗaya, fes. Ya ciro biyar, ya ciro goma, duk fes, tina ta yi aikinta tsakani da Allah. Ya koma ga littafin, littafin ya ce duka arba'in ba su yi ba, da rubutun hannunsa mai kyau. Ya zauna a kujera ya kashe rediyon, fankar nan na ta kukanta a kansa.

Ƙarfe huɗu Dakta ta leƙo da jakarta a kafaɗa ta yi tambayarta. Gilashin na cikin aljihun wandonsa, naɗe da hankici. Ya ce kamar kullum, Dakta. Ta ce Allah ya kai mu gobe, ta tafi.

A motar haya ya yi ta saƙa da warwara. In ya yi shiru, wa zai sani? Littafi ya ce bai yi ba, kuma littafin ba mai buɗe shi. A rufe ɗaki, shi kuma a tura shi wajen ɗaure kwali da sunansa mai kyau, shekara biyu ya yi ritaya ya huta. In kuwa ya faɗa, to ya tona kansa da kansa: dattijo mai furfura, wanda ake tura sabbin ma'aikata su koyi tsantseni a wurinsa, ashe sakamako yake rubutawa kafin gwaji. Kuma faɗar ba za ta dawo da lambar ba. Garin da ya rage a gindin gwangwani bai fi na haɗi biyar ba, ga shi ba a san ko wane ne cikin arba'in ba.

Ya tarar da matarsa a falo a kan keken ɗinki, tsinken allura a baki, tana haɗa rigar wata mata da ta ce gobe da sassafe za ta aiko a karɓa. Shekara talatin da ɗaya suna tare, tafiyarsa kawai take ji ta san abin da ya kwaso. Ta ga ya zauna bai cire takalmi ba, ta ce Malam, ko an sallame ku tun kafin ƙarshen watan ne. Ya warware hankicin ya miƙa mata gilashin, ya ce ta ɗiga masa man keke. Ta dube shi ta dubi gilashin, ta ce yau kuma aikin ne ya biyo shi gida. Ta ɗauko 'yar kwalbar man ta matsa. Ɗigon ya mirgina, bai zame ko'ina ba sai kan yadin mutane.

Ta miƙe tana salati, ta ce ya kashe ta, yadin nan ko ita ba ta taɓa sa irinsa ba. Ta yi ta barbaɗa hoda a wurin tana mita, ta ce shekara huɗu yana neman abin da zai kori mai, ashe kan kayan mutane zai riƙa koro shi. Sai da ta ga maiƙon ya fara ɗagowa sannan hankalinta ya dawo kan abin da ta gani. Ta ce to, ashe dai ya yi, ina murnar? Ya gaya mata komai, da makar, da littafin, da bahon, da kamar kullum ɗin da ya faɗa ƙarfe huɗu.

Ba ta yi masa faɗa ba, shi kuwa da ta yi da ya fi jin sauƙi. Ta koma kan kekenta ta gyara zare, ta ce ita dai ranar da ta yanka yadin mutum ba daidai ba, ba ta bari sai ya sa a jikinsa ya gani. Ya ce ai ba ɗaya ba ne, yadi ana sayen wani. Ta ce haka ne. Ta taka keken ya yi gudu kaɗan ta tsayar.

"Yarinyar nan Baba take ce maka," in ji ta.

Ya ce ya sani. Ya cire takalmin, ya ci abinci kaɗan, ba don yana jin yunwa ba.

Da safe ya tarar Dakta ta riga shi zuwa, tana jera littattafanta cikin kwali. Bai yi dogon gaisuwa ba, don ya san in ya tsaya gaisuwa zuciyarsa za ta karye. Ya ajiye gilashin a tebur, ya miƙa mata sirinjin mai. Ta karɓa da kasala, irin ta wanda ba ya son ya gwale babba. Ta ɗiga. Ta tsaya. Ta ɗiga man inji, ta ɗiga ragowar shayinta, ta ɗebo tinar kanta ta ɗiga, duk suka wuce. Ta lalubi kujera ta zauna, ta toshe baki da hannu, tana dariya hawaye na zuba. Rabon da ya ga haƙoranta har ya manta. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, don ya san abin da za ta tambaya.

"Lamba nawa ne, Baba?"

"Ba shi da lamba, Dakta."

Ya yi mata bayani a tsaye, hannuwansa a baya, bai rage komai ba, bai kuma kawo ciwon hannu a matsayin hujja ba. Ta jawo littafin ta buɗe. Ga su nan arba'in a jere, tawada ɗaya, hannu ɗaya, ba inda alƙalamin ya tsaya ya huta. Ta buɗe shafin makon jiya, haka. Ta yi ta komawa baya tana lasar yatsa, har ta gaji ta rufe.

"Tun yaushe?"

"Tun bara, bayan da aka gyara tanda."

Ta daɗe tana kallon bangon littafin. Sannan ta ce ita ma rabonta da ta buɗe shafin sakamako ya kai haka, nata shafin kawai take cikawa ta rufe. Ba don ta wanke shi ta faɗa ba, muryarta ba ta nuna haka ba. Ya tambaye ta ko in an kai gilashin inda suke da manyan na'urori za su iya gano haɗin. Ta ce za su gano abubuwan da ke ciki, amma arba'in ɗin duk abubuwa ɗaya ne a cikinsu. Bambancin yawa ne, da wanda aka fara zubawa, da minti nawa aka juya, wannan kuwa gilashi ba zai faɗa ba.

Ta kira Manaja. Ya zo yana share zufa, ya yi wasa da gilashin kamar yaro, ya ɗiga wannan ya ɗiga wancan, ya ce kai, abin mamaki ba ya ƙarewa. Da ya ji ba a san haɗin ba sai fuskarsa ta koma ta ofis. Ya ce shi ba zai shiga gaban masu kamfani da tsuntsu daga sama gasasshe ba, a kawo masa na biyu kafin ƙarshen wata sai a yi magana. Ya tambayi yadda aka yi lambar ta ɓace. Baba Ɗigo ya buɗe baki, Dakta ta riga shi, ta ce shafin ne ya ƙi tawada. Gaskiya ta faɗa, rabinta. Manaja ya yi dariya ya ce ai kuwa ya yi aikinsa, ya fita. Wannan rufin asirin ya fi mari yi wa Baba Ɗigo zafi.

Suka kankare gindin gwangwanin da cokali, garin ya ba da haɗi biyar, da ƙyar. Dakta ta yi kwana biyu tana lissafi, ta zaɓi lambobi uku da take ganin sun fi kusa. Sauran biyun ta ce shi ya zaɓa, ko hannunsa ya tuna abin da kansa ya manta. Ya rufe ido ya yi ta neman ranar Litinin ɗin nan a ƙwaƙwalwarsa, ya tarar ba ta da bambanci da sauran Litinin ɗari biyu. Abin da ya iya kamowa kawai, akwai wata kwalba da haɗinta ya ɗan fi kauri, ya ja zare da ya ciro gilashin. Ashirin da uku ce ko talatin da biyu, bai tabbatar ba, wataƙila ma a wani makon ne. Ya zaɓi duka biyun. Ya lalubo alƙalamin lu'ulu'un a ƙasan durowa, ya karta lambobin biyar da kyau, har sau bibbiyu, wuyan hannunsa na zogi.

Alhamis ta zo, Dakta ta tsaya a kansa kamar da. Ya ɗauki kowane gilashi ya karanta lambar da ƙarfi, ya gwada, ya cire safa, ya rubuta, ya mayar da safa. Na farko bai yi ba. Na biyu ko ruwa bai kora ba. Na uku da na huɗu man ya baje tun kafin ya ajiye sirinji. Talatin da biyu ne na ƙarshe. Ɗigon man ya tsaya a dunƙule, ya fara karkata gilashin a hankali. Ɗigon ya motsa, ya yi tafiyar rabin yatsa, sai ya lafe ya ja jela a bayansa. Dakta ta ce rubuta, Baba. Ya rubuta.

Ranar ƙarshen wata masu ɗaukar kaya suka zo tun kafin azahar, suka jira a baranda da kwalayen fenti a kan amalanke. Dakta ta gama haɗa nata-ya-nata. Ta naɗe gilashin da ba shi da lamba cikin auduga ta sa a jaka tare da littafin, ta miƙa wa Baba Ɗigo makullin, don shi aka bar wa riƙon sabon siton. Ya riƙe makullin ya kasa ɗaga kai, ya ce ta yafe masa. Ta ce ta yafe tun ranar, ba wannan ne ke damunta ba. Ta gyara jakar a kafaɗa, ta tsaya a bakin ƙofa inda ta saba tsayawa.

"Ban sani ba ko in gode maka, Baba," in ji ta. "Da ka yi shiru, da na tafi ina cewa abin ba ya yiwuwa, in nemi wani aikin in huta. Yanzu ga sauran lambobi talatin da biyar za su bi ni gida, kuma na san yana cikinsu."

Ta yi masa sai wata rana ta bi barandar, tana raɓawa ta gefen amalanken. Ɗaya daga cikin masu kayan ya leƙo ya ce Baba, daga ina za mu fara jerawa. Ya nuna musu bangon da tanda take, ya ce su bari tukuna ya cire wayarta daga wuta.